Sabulun Dudu

Kafin ladanin Gangare ya yi gyaran murya
na riga na jiƙa soda.
Sanyin Jos na cizon kunne,
tururi na cizon hanci,
ni ina tsakaninsu, ina juya muciya.

Ku dubi hannuna.
Wannan tabon na shekarar farko ne,
lokacin da nake ganin safar roba ɓarnar kuɗi ce.
Wannan kuwa jarka ce ta kuɓuce
ina waigen yaro ya rarrafo bakin daro.
Lalle ba ya kama wurin. Na daina gwadawa.

Mu huɗu ne a ɗakin da kaji suka bar mana:
Tabawa mai yanka, zarenta bai san karkata ba,
Hansatu ta lissafi, biro soke a ɗankwali,
sai Kaneng, mota biyu take hawa daga Kabong,
tana naɗe leda tana guɗa waƙar cocinsu a maƙoshi.
Ran da aka sa dokar hana fita
kwananta uku a tabarmata.
Ba ciniki, ba kasuwa,
muka yanka katan tara don kada tsoro ya sami wurin zama.

Man alayyadi ya yi fiffike.
Kuɗin jarka biyu na bara
bana ɗaya suka ɗauko, ita ma da roƙo.
Na ƙara farashi, masu saye su tsuke baki,
na rage girma, Tabawa ta ce zarenta ba ya sata.
Wuta ta zo muna barci, ta tafi muna salla,
injin liƙe leda ya yi sanyi kamar tuwon jiya.

Na je banki da mayafin biki.
Yaron ya ce, Hajiya, ina takardar fili?
Na buɗe masa tafin hannu:
ga filin, duk abin da na shuka nan ya tsiro.
Ya yi dariya, ya kira na baya.

Wani babban kanti a Abuja ya shinshina, ya yaba,
ya ce saura lambar hukuma.
Masu lamba suka zo da littafi,
suka dubi rufi, suka dubi daɓe:
a sa tayil, a fasa wata ƙofar.
Adashi biyu na zuba a ƙasan ɗakin nan.
Har yau ina jira. Mai haƙuri, in ji su,
to dutsen yana kan wuta, itacen ne nawa.

Yayata ta ce, Uwani, ki koma sarin atamfa mana,
sana'a mai tsabta.
Na ce Yaya, wa ya kai mai sabulu tsabta?

Amma gaskiyar ba ita ce wannan ba.
Na taɓa zama a zauren wani daga hantsi har la'asar
ina jiran kuɗin allurar ɗiyata.
Aka ce in dawo jibi.
A hanyar gida na yi wa ƙafafuna alkawari.

Sannan akwai hatimin.
Kafinta a Katako ya sassaƙa min shi da icen maɗaci,
haruffa huɗu: Dudu.
Uwata ke nan.
Shekara talatin tana wankau a bakin Dilimi,
ta fitar da dattin rigunan rabin unguwa,
ba a taɓa rubuta sunanta ko a bango ba.
Yanzu kullum ina danna shi sau ɗari uku
a kan sabulu mai ɗumi.

Ran Asabar a Bukur, a wani ɗan kes,
na ji wata mata da ban sani ba
ta ce, ba ni Dudu guda biyu.
Na tsaya kamar mai neman canji a jaka.

Tabawa, miƙo zaren.
Na jiya ya daskare.