Wa Ya Faɗa?

Dakta Boakye ya dawo min da kundina.
A gefen shafi na arba'in da ɗaya
ya zagaye jimla guda da jan biro, kamar an ɗaure akuya a turke:
Wa ya faɗa? Wace shekara? Wane shafi?

Jimlar ba wata doguwa ba ce.
Cewa na yi matan ayari, ba madugai ba,
su ke riƙe lissafin goro daga nan har Salaga,
ƙulli-ƙulli a bakin zane,
kowane ƙulli ƙwarya ɗaya.

Daren nan an ɗauke wuta a Aboabo.
Batirin kwamfuta saura kashi goma sha tara,
sauro na taya ni bita.
Ina jera manazarta bi da bi:
sunan mahaifi tukuna, sai waƙafi,
shekara cikin baka biyu kamar jariri a goye,
sunan littafi da tafiyar tsutsa,
gari, ruwa biyu, maɗaba'a, aya.

Akwai wani Bature a jerin nan
da ya kwana tara a Kumasi, zazzaɓi ya kore shi.
Ko sunan Zango bai rubuta daidai ba,
amma yana da shekara, yana da shafi,
ba a taɓa zagaye shi da ja ba.

Ni kuwa Iya Kande ce ta faɗa min,
tana zaune kan buhu a bayan kasuwar Asawasi,
tana yayyafa wa goro ruwa, tana sauya masa ganye,
mai sankara ta wurga gefe.
Ba ta taɓa buɗe zance da "an ce" ba.
An-ce, in ji ta, ba shi da gidan da za a bi shi bashi.
Sai dai: "Na ji daga bakin Gwaggo Hassu,
shekarar da gobara ta ci rumfunan 'yan gishiri,
ita kuma daga Tasalla, matar Madugu Bawa,
wadda ta kwance ƙullin da haƙorinta a bakin kogi
ranar da aka yi musu kan ƙwarya bakwai.
In na ƙara, Allah na gani.
In na rage, tsufa ne."

Ka ji isnadi, Dakta.
Mai magana, da lokaci, da wuri,
har da neman afuwa kan kuskure.

Na ce zan koma da rakoda bayan Sallah.
Ta riga ni, wata Laraba cikin Sha'aban.
Jikarta ce kan buhun yanzu,
ta san farashin fari da ja,
ba ta san Tasalla ba.

Littafin ƙa'ida ya ce zancen baka
a ambace shi a ciki kawai, kada ya hau jerin ƙarshe,
tunda mai karatu ba zai iya zuwa ya duba ba.
Gaskiya ne.
Ni ma na je maƙabartar Tafo na tsaya,
ƙasa ba ta buɗe min inda muka kwana ba.

Saura kashi shida.
Na gangara harafin K,
na ce wa farfesoshi biyu su ɗan matsa
yadda ake yi a kujerar bayan mota.
Kande, Iya.
Sunan mahaifinta ban tambaya ba, kunya ta hana.
Shekara: wadda ta tafi.
Gari: Kumasi, ruwa biyu,
maɗaba'a...
A nan na daɗe, ɗan layin allo na ƙifta min ido.
Na rubuta: daga Hassu, daga Tasalla.
Na ɗiga aya, allon ya mutu.

Ran sadakar arba'in jikar ta ba ni zanenta,
shuɗi, ya koɗe, yana ƙanshin ganye,
da ƙulli uku a baki
da ba wanda ya san bashin wane ne.
Gobe zan shimfiɗa shi a teburin ofis
kusa da jan biron,
in ce ga shafin, Dakta.
Duba a hankali.
Kada ka kwance.