Ƙayar Kifi

A Inari rana ba ta leƙo ba tun farkon Disamba.
Malama Tuulikki ta kunna fitila,
ta jera maɓallai huɗu bisa tebur.

"Kala," in ji ta. Kifi ke nan a harshensu.
"Kowane sauti, ka tura maɓalli guda."

Aslak ɗan masunci ya yi tsuru.
Jiya ya ga ubansa na zare ƙaya
ɗaya bayan ɗaya daga tsokar kifi.

K, can maƙogwaro, kamar guntun tari.
A, baki wangale.
L, harshe ya je neman haƙorin
da ya fita ranar Talata,
ya tarar da giɓi.
Sai ga A kuma.

"Wannan ai ta riga ta zo!"
Ya ɓata rai
kamar wanda aka tauye wa mudu.