Gurami a Shagon Ɗinki

Biyu na saya a kasuwar Garwa,
masu ƙyalli, ido ya ruɗe ni.
Kafin magariba ɗaya ya yage wutsiyar ɗan'uwansa.

Hammajoda ya leƙa gilashin, ya ƙyalƙyale:
"Zakaru biyu a akurki ɗaya!
Dubi fiffiken baya.
Mai tsini kamar almakashinka namiji ne.
Na macen gajere, a dunƙule,
launinta koɗaɗɗe, cikinta a cike."

Na canjo ɗaya.
Na tsinko kainuwa a bakin Binuwai
don ta sami maɓoya idan ya matsa.

Yau da asuba, kafin in taka keke,
ga kumfa ƙarƙashin ganye.
Yana jerawa da baki, ɗai-ɗai,
ita kuwa daga gefe tana duba aikin
kamar mai jiran ɗinkinta.