Gurbin Suna

A Gadarif, ranar Talata bayan la'asar,
Halifa Muntaƙa ya aiko a kira ni.
Ni ne mai alƙalamin zawiyya,
shekara talatin da ɗaya ina dafa mata tawada.
Ya ce, "Janar zai zo mana girbin riɗi.
Ɗauko ƙasidar nan ta gindin akwati,
kankare sunan, ka sa na mai ci."

Na ɗauko ta.
Inuwar bayin Allah, in ji baitin fari.
Garkuwar addini, uban marayu, in ji mai bi masa.
Ko baiti guda bai tsufa ba.
Gurbin sunan ne ya sha reza,
sau ɗaya a hannun mahaifina, sau biyu a nawa,
har takardar ta yi shara-shara kamar kisira.

Da dare wajen Batula mai gahawa
na ajiye zancen tsakanin kofuna.
Malam Ilyasu ya gyara rawani:
"Mu 'yan Afirka sai da linzami.
Garin da babu mai tsawa, kura ke limanci.
Wa ya ɗora mana ƙubba? Wa ya kawo janareta?
Da wutarsa muke ganin fuskar juna a zikiri."

Zakari direba ya kurɓa, ya dire kofi:
"Na ja tirela daga Anjamena har iyakar Habasha.
Kowane shinge hoto ɗaya ne a bango,
hula ce ke sauyawa.
Nasara ya tafi ya bar bulala a rataye,
ɗan gida ya sauke ta, ya shafa mata mai,
ku kuma kuna ɗaura mata ƙafiya."

"A'uzu billahi! Kai a ina ka yi karatu?"
"A shingen soja, Malam. A durƙushe ake hadda."

Batula ba ta ɗago ba, tana fifita garwashi.
"Kakanninmu da ƙafa suka taso daga yamma
don kada goshinsu ya sauka ga wanin Allah.
Makka suka nufa, nan guzuri ya ƙare.
Ku sha, zai huce."

Ni ban tofa ba.
Mudassir ɗan ƙanwata, yau wata bakwai.
Ranar da burodi ya ƙara kuɗi
ya ɗaga kwali a bakin tasha,
mota marar lamba ta ci burki.
Takalminsa wari guda yara suka kawo gida.
Uwarsa ta ce, "Yaya, ka ƙawata rubutun,
ko Halifa ya raɗa wa mutumin sunan yaron."

Na wasa reza, na bi a hankali,
duk da haka ta huda.
Na ɗaga takardar gaban fitila,
haske ya ɓullo ta inda suna zai zauna.
Na daɗe ina kallonsa.
Sannan na yi faci da takardar buhun siminti,
na zana sunan da jar tawada, harafi harafi.

Ranar ta zo da tutoci kore da ganguna,
raguna goma sha biyu a kwance.
Halifa ya rera, murya kamar zuma,
muka amsa da amin, tawa tana ciki.
Janar ya duba agogo sau biyu.
Sai Halifa ya sunkuya daidai kunnensa,
numfashina ya tsaya a maƙoshi.

Daga baya ɗan rakiya ya gaya mini:
rodi ya roƙa, na katangar gabas.

Na ci naman, ba zan ɓoye muku ba.
Na kai wa ƙanwata kasonta a kwano,
ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado
kusa da takalmin.

Ƙasida ta koma akwati.
Halifa ya ce in sa mata maganin gara,
ba a san gobe ba.
Na naɗe rezar a ƙyalle,
na ajiye ta a gefenta.