Gwangwani Biyu

Ƙarfe biyun dare a Yaba.
Janareta na tari a ƙarƙashin bene,
allo na ƙirga mini kunyata:
manhajar da na rubuta ta aika saƙo wurin faifai,
ta naɗe hannu, ta tsuguna bakin ƙofa.
Sai ya dawo take aika wani.

Faifan ba rago ba ne.
Ƙofofinsa sun fi na gidan haya a Agege,
mu ne muka nace wa guda.

Sai na tuna Kawu Tanimu a kasuwar Mil Sha Biyu,
ranar da motar tumatir ta iso daga Kadawa da asuba.
Bai tura ɗan dako ɗaya ya tsaya kallon ƙeyarsa ba.
Ashirin ya sallama lokaci guda,
kowa da ɗan kwali mai lamba a haƙori.
Gwangwani biyu ne a gabansa, tsofaffi, na madara:
ɗaya na waɗanda suka tafi,
ɗaya na waɗanda suka sauke.
Na bakwai kan riga na farko dawowa,
Kawu bai taɓa ɗaga murya a kai ba.
Lamba yake dubawa, ba fuska ba.
"Mai jiran kwando ɗaya," in ji shi,
"miya zai sayar, ba tumatir ba."

Na share rabin aikin wata uku.
Na kafa zobe biyu a ƙwaƙwalwar na'ura,
wuri guda da ni da zuciyar tsarin muke gani tare.
Nan in zuba buƙatu, can in kwashi amsa.
Gadar da ke tsakaninmu tana da tsada,
na daina haye ta don albasa ɗaya,
sai na cika mota.
Kwandunan ma na yi musu rajista tun farko,
kada a riƙa tambayar sunansu kowace tafiya.

Sai zari ya kama ni.
Na tura ɗari biyar a tare.
Suka cushe kamar danfo a Oshodi ranar Litinin,
ƙaramin saƙo ya maƙale bayan tirela,
yana hon, ba mai ji.
Na rage. Na ƙara. Na sake ragewa.
A talatin da biyu hanya ta yi numfashi.

Dubu tara a daƙiƙa, jiya.
Yanzu dubu sittin da 'yan kai,
kuma fankar na'urar ta daina haki.

Ladan ya kira daga wajen Ebute Metta.
Na buga wa Kawu, ina son gaya masa
gwangwanayensa sun shiga kwamfuta.
Bai ɗauka ba. Lokacin sauke kaya ne.

Na bar masa saƙon murya,
na kifa wayar,
na ɗora ruwan shayi.