Aljihun Ciki

Lurwanu ya zo shagona bayan la'asar,
ba gabanin Sallah ba, ba bikin kowa,
da shadda yadi biyar, ruwan toka.
Ya aza ta kan keke, ya nemi benci.

Na ja tef na auna kafaɗa.
Bara inci goma sha takwas ne,
bana sai da na sake duba littafi.
Ya ce, "Bishir, ƙyale kafaɗar nan.
Aljihu nake so, na ciki, jikin haƙarƙari,
wanda ko mai ɗakina ba za ta lura ba."

Na ce, "Na kuɗi?"
Na sha ɗinka irinsa ga fataken gero
masu bin hanyar Batsari da asuba.
Ya leƙa titin Ƙofar Guga, hagu da dama,
sannan ya zaro guntun katako daga leda,
an sassaƙe shi, da baki, da mariƙi.
"Girmanta ke nan. Ban saya ba tukuna."

Uku aka nuna masa, in ji shi.
Ta fari ƙatuwa, mai nauyin taɓarya,
in ka sa ta a riga, rigar za ta tona ka.
Ta biyu ƙirar maƙera ce, da arha,
sai dai an ce takan ci hannun mai ita.
Ta ukun ce ta kwanta masa a rai:
'yar ƙarama, ba ta fi wayar hannu ba,
"Ka ɗauke ta, Bishir, kamar ba ka ɗau komai ba."

Ban tambaye shi dalili ba. Na sani.
Ni na ɗinka wa ƙanensa Sallau kaftanin aure,
kuma a cikinsa aka tare motarsu.
An sai da gona, an sai da shanun huɗa biyu,
an kai kuɗi daji cikin buhun taki.
Sallau ya dawo bayan kwana saba'in,
har yau in babur ya wuce sai ya shige ƙarƙashin gado.

To me zan ce wa wan Sallau?
Na ce hukuma ta hana. Ya ce ya sani.
Na ce masu dajin nan ba da ƙarama suke zuwa ba.
Ya ce, "Ko tsinke ne, gara a same ni da shi."

Sai na tuna Hajjo.
Shekararta huɗu, haƙorin gaba ɗaya ya karye.
Na ce, "Wa ke tarye ka a zaure in ka dawo kasuwa?
Wa ke cusa hannu cikin rigarka
tana neman alewa da ƙuli-ƙuli?
Akwai aljihun da na taɓa ɗinka maka
da yarinyar nan ba ta gano ba?"

Bai amsa ba.
Ya juya katakon a tafin hannu, ya juya,
kamar mai auna tumatir a Kasuwar Gwari.
Aka kira magariba. Ya miƙe.
Ya bar rabin kuɗin ɗinki, ya bar katakon.

Na ɗinka. Sana'ata ce.
Na ninka shafi biyu, na bi da zare mai ƙarfi,
na ɓoye bakin cikin kalmasa
yadda ko ni sai na laluba.

Yau mako biyar ke nan.
Ina ganinsa yana wucewa a kan buhuna,
yakan ɗaga mini hannu, ba ya sauka.
Rigar na rataye a ƙusa bayan ƙofa,
katakon na ciki, ɗan abu marar nauyi,
amma duk safiya in na buɗe shago
sai in tarar ta karkace wajen hagu.