Darasin Daren Talata a Grimsby

Ƙarfe bakwai, a saman shagon wanki,
kujeru tara, mutum shida,
da hita mai tari kamar tsohon mashayin taba.
Ni ce malama. Yau darasinmu dama da sa'a,
da kalmomin da Turanci ya haɗa su tafiya.

Na ce: a harshen nan kalma ba ta fita ita kaɗai,
kowace da abokiyar rakiyarta.
Dama in ta yi kyau, ta zinariya ce,
ba a cewa ta azurfa, kada ku tambaye ni dalili.
Tana ƙwanƙwasa ƙofa. Tana da taga,
tagar kuma ba ta daɗewa a buɗe.
Akan cafke ta, akan yi tsalle a kanta,
wani kuma ta zille masa ta tsakanin yatsu
yana tsaye yana hamma.

Bogumiła, mai feɗe kifi tun asuba,
ƙarnin aiki bai bar hannun rigarta ba,
ta ce: "Siririyar dama kin ce kaɗan ce.
To mai ƙiba fa, ita ce mai yawa?"
Na ce a'a, mai ƙiba babu ce tas, gatse ne.
Ta ajiye biro, ta dafa goshi:
"Ramammiya babu, ƙosasshiya babu,
to wace ce ake ci?"
Rebwar ya yi dariya har kujera ta yi ƙara.

Shi ne mai wankin mota a bakin titi,
duk Asabar sai ya yanki katin caca.
Na koya masa: sa'a ana gwada ta,
amma ba a tura ta har bango,
tana ƙarewa kamar mai a tanki.
Ya ce tasa ko tankin ba ta da shi.

Sai muka iso layi na takwas:
wanda jirgin ruwa ya tafi ya bari.
Na ce ma'anarsa ka makara, dama ta wuce,
ka bari ya huce, ya zama rabon wani.
Na juya zan rubuta a allo.

Tesfalem, mai share motocin haya da dare,
wanda tun Satumba ban ji muryarsa ba
sai wajen kiran suna,
ya ɗaga hannu, rabi kawai.
Ya ce: "Ni jirgi ya tafi ya bar ni.
Zazzaɓi ya kwantar da ni a bakin teku.
Na biya kuɗi, ba su jira ba.
Mutum tamanin da ɗaya, har da ɗan ƙanwar uwata.
Ba su isa ba."
Kalmomin sun fito a karkace,
aikatau nan, lokaci can.
Ban gyara ko ɗaya ba.

Hita ma ta daina tari.
Ƙasa da mu injin wanki yana ta juyi.
Bogumiła ta laluba jaka,
ta tura masa alewa a kan tebur
ba tare da ta dube shi ba.

Ni 'yar masunci ce, na san garin nan,
na san gidajen da ba a kunna rediyo
in iska ta taso daga arewa.
Shekara goma sha tara ina koyar da layin nan
kamar ban taɓa tsayawa a bakin tasha ba.

Ya ce: "Malama, a jarrabawa me zan zaɓa?"
Na duba bayan littafi, inda amsoshi suke.
Na ce: zaɓi asara. Ita suke so.
Ya gyaɗa kai, ya rubuta a hankali,
ya ja layi a ƙarƙashi,
ya sa alewar a aljihu,
don motocin ƙarfe goma suna jiransa.